Tsabar Tagullar Finikiya: Yadda Ake Gane Garinta da Shekarar da Aka Buga Ta

Tun ranar 28 ga watan Yunin 2025 Tarayyar Turai ta soma aiki da dukkan sassan dokarta mai lamba 2019/880, wadda ta tsara yadda za a riƙa shigar da kayan tarihi daga ƙasashen waje. A ƙarƙashinta, duk abin da aka tono daga ƙasa ko daga ƙarƙashin ruwa, matuƙar ya haura shekara 250, ba zai shiga ba sai da lasisi, komai arharsa. Akwai kuma wani rukuni na dabam da aka ambaci tsabar kuɗi a cikinsa, inda takardar bayanin mai shigo da kaya kawai ake nema, ita ma sai idan abin ya wuce shekara 200 kuma kuɗinsa ya kai Yuro 18,000. Tsohuwar tsabar tagulla daga gaɓar Lebanon ko Siriya ta dace da rukunan biyu, domin tsaba ce, kuma kusan kowace irinta daga ƙasa aka tono ta. Wannan ya sa 'yan kasuwa da masu tara tsofaffin kuɗi da ma'aikatan gidajen tarihi suka koma kan tambayoyin da a da ake bar wa masana: wane gari ne ya buga wannan tsaba, a wace shekara, kuma a ina aka tsince ta?

Ba hanya ɗaya ake bi wajen amsa su ba. Ta farko hoto da rubutun da ke jikin tsabar ne ke amsa ta. Ta biyu ba ta amsuwa sai an gama da ta farko, saboda lambar da ke jikin tsaba ba ta zama shekara sai an san daga inda garin ya fara ƙirga. Ta uku kuwa ba a jikin ƙarfen take ba.

## Abin da ake nufi da tsabar Finikiya

Finikiya ba ƙasa ɗaya ba ce mai sarki ɗaya. Jerin birane ne a gaɓar gabashin Bahar Rum, kowanne da sarkinsa da abin bautarsa da jiragensa: Taya, wadda ake kira Sur a yau, da Sidon ko Saida, da Jubail wadda Girkawa suka kira Biblos, da Bairut da Tarabulus, duk a Lebanon; sai tsibirin Arwad da maƙwabciyarsa Amrit a Siriya; sai kuma Akka can kudu. Kowane birni da gidan buga kuɗinsa.

Duk da sunan da suka yi a fatauci, mutanen waɗannan birane sun makara wajen buga kuɗi. An fara buga tsaba a Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, tun ƙarshen ƙarni na 7 kafin Miladiyya (K.M.), amma Finikiyawa suka ci gaba da auna guntayen azurfa a sikeli har tsakiyar ƙarni na 5 K.M., lokacin da Jubail da Taya suka fara, Sidon da Arwad suka biyo baya, dukkansu a ƙarƙashin daular Farisa. Azurfa aka fara bugawa. Tagulla ta shigo ne a ƙarni na 4 K.M., ta maye gurbin 'yan mitsi-mitsin tsabar azurfa da ake cefane da su, ba a kuma daina buga ta ba sai zamanin sarkin Rum Galiyenus, wanda ya yi mulki daga 253 zuwa 268 Miladiyya. Ke nan in an ce tsabar tagullar Finikiya, ana maganar kuɗin da aka shafe fiye da shekara 600 ana bugawa, a ƙarƙashin dauloli dabam-dabam, da rubutu iri uku.

Tagullar haɗi ce ta jan ƙarfe da kuza, sau da yawa da darma a ciki. Da hannu ake buga ta: a zuba ƙwayar ƙarfen a mazubi, a ɗora ta a kan hatimi ɗaya, a kifa wani a kanta, a maka guduma. Shi ya sa da wuya a sami wadda hotonta ya zauna daidai a tsakiya, kuma abin da ya fi yawan faɗawa waje shi ne rubutun gefe, wato inda suna da shekara suke. Darajarta ba ta nauyin ƙarfe ba ce kamar azurfa, ta amincewar hukumar gari ce, don haka ba ta cika yin nisa da gida ba, kuma takan daɗe tana yawo a hannu har ta side.

## Zamanin da fuskar tsaba ke nunawa

Kafin a nemi gari, ana fara duba wace daula ce ke mulki. Tsabar zamanin Farisa ba ta ɗauke da Girkanci. A Sidon za a ga jirgin yaƙi a kan igiyar ruwa a gefe ɗaya, a ɗayan kuma sarkin Farisa a keken doki ko riƙe da baka. A Arwad akwai wani abin bauta mai jikin mutum da wutsiyar kifi, da jirgi a baya. Taya ta shahara da mujiya mai ɗauke da sandar kiwo da bulala irin na sarakunan Masar, da kifin dolfin, da katantanwar teku da ake samun rinin shunayya daga gare ta. Jubail ita ce ta riƙa rubuta sunan sarkinta cikakke, alhali sauran haruffa ɗaya ko biyu suke sawa.

Bayan yaƙin Isus a 333 K.M. Arwad da Jubail da Sidon suka miƙa wuya ga Iskandar na Makidoniya, Taya kuwa sai da ya yi mata ƙawanya ta wata bakwai kafin ta faɗi a 332. Daga nan gidajen buga kuɗin suka koma buga nasa samfurin: kan Harkul, jarumin tatsuniyar Girkawa, sanye da fatar zaki, a bayan tagullar kuma kulki da baka da kwari. Alamar gari a nan 'yar ƙarama ce, kamar haruffan Α da Ρ a haɗe don Arwad, ko ΣΙ don Sidon.

Da magadansa suka raba daular, kudancin gaɓar ya faɗa hannun gidan Tolemi na Masar, arewa kuma, har da Arwad, ta kasance a ɓangaren gidan Selukas na Siriya. Tagullar Tolemi da aka buga a Taya tana da kan Zeyus, babban abin bautar Girkawa, mai ƙahon rago, da gaggafa a baya, da kulki a gaban gaggafar, kuma kulkin nan shi ne alamar garin. Yawancinsu suna da ɗan rami a tsakiyar kowace fuska, wanda daga maƙera yake, ba lalacewa ba ce. A yaƙin Paniyon, wajen 200 K.M., Antiyokus na Uku na gidan Selukas ya ƙwace kudancin, sai kan sarakunan Selukas ya bayyana. Daga ƙarshen ƙarni na 2 K.M. birane suka riƙa samun cin gashin kai, kan sarki ya ɓace, aka maye gurbinsa da kan wata mace mai kambi kamar ganuwar birni, wadda Girkawa ke kira Tike, ko kan Melƙart, babban abin bautar Taya. A ƙarshe sai kan sarakunan Rum.

## Gane gari: hoto yana nuni, rubutu yana yanke hukunci

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne dogara da hoto. Jirgin ruwa na kowa ne a wannan gaɓa, haka ma macen mai kambin ganuwa, kuma ana samun su a Sidon da Taya da Arwad da Bairut da Tarabulus. Akwai dai hotunan da suka fi karkata ga gari ɗaya. Itacen dabino mai nono biyu na Taya ne. Yarinya a kan bijimi, wato Yurofa ta tatsuniyar Girkawa, ta Sidon ce, haka kuma amalanken da ake ɗaukar dutsen Ashtarte, abar bautar Finikiyawa, a kansa. Mashi mai baki uku da dolfin ya naɗe na Bairut ne, tagwayen samari masu tauraro a ka na Tarabulus, abin bauta mai fikafikai shida na Jubail. Arwad tana da kan Zeyus da ƙahon tagulla mai yatsu uku da ake ɗaura wa goshin jirgin yaƙi.

Ko dabinon ma yana iya yaudara. Kartaj, birnin da mutanen Taya suka kafa a Tunisiya ta yau, ta buga tagulla mai yawa da dabino da doki da kan Tanit, abar bautarta, a Afirka da Sisili da Sardiniya, kuma ana yawan haɗa su da na gabas a kasuwa da sunan Finikiya. Doki shi ne ke raba gardama, domin alamar yamma ce, kuma kuɗin Kartaj ba sa ɗauke da shekara.

Hukunci na rubutu ne. Da Girkanci za a ga ΤΥΡΙΩΝ ko ΣΙΔΩΝΙΩΝ ko ΑΡΑΔΙΩΝ, ma'ana na mutanen Taya, na Sidon, na Arwad. Da Finikiyanci, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu da baƙaƙe 22 ba wasali, haruffa uku masu daidai da lam da sadi da ra na Larabci suna nufin na Taya. Wani malamin Faransa, Jean-Jacques Barthélemy, shi ne ya warware karatun wannan rubutu a 1758, da taimakon wani rubutu mai harsuna biyu da aka samu a Malta da kuma tsabar kuɗi. Haruffan da ke wakiltar b da d da r sun yi kama ƙwarai, kuma a kan tagullar da ta side sai an yi da gaske kafin a bambance su.

Shekarar 169/168 K.M. tana da muhimmanci a nan, domin a lokacin ne birane da dama suka fara buga tagulla mai kan sarkin Selukas Antiyokus na Huɗu a gaba, da hotonsu da kirarinsu a baya. Taya ta rubuta cewa ita ce uwar Sidoniyawa. Sidon ta mayar da martani a kan tata tsabar cewa ita ce uwar Kartaj da Hippo da Kitiyon da Taya. Jubail ta kira kanta mai tsarki, Bairut kuma, wadda a lokacin take amsa sunan Lawudikiya, ta ƙara da cewa a Kan'ana take, don kada a haɗa ta da sauran garuruwa masu wannan suna.

## Karanta lambar

Tsarin lamba iri biyu ne. Na Finikiyanci zane-zane ne: sanda a tsaye ɗaya ce, ana jera su uku-uku; zane a kwance ko mai ɗan lanƙwasa goma ne; akwai alama ta dabam don ashirin da wata don ɗari. A Arwad sau da yawa haruffa biyu masu nufin shekara suna gabatar da lambar. Matsalar wannan tsari a fili take: in sanda biyu sun faɗa wajen tsabar lokacin bugu, mai karatu zai ga 14 a inda aka rubuta 16, kuma babu abin da zai nuna masa an yi rashi sai in ya kwatanta da wata tsabar da aka buga da hatimi ɗaya. Don haka ne masu tsara kundaye ke rubuta “aƙalla” a gaban irin wannan lamba.

Na Girkanci haruffa ne ke tsayawa a madadin lambobi. Wanda ya san ramzin da malaman ƙasar Hausa ke rufe waƙoƙinsu na ajami da shi ya riga ya san rabin aikin, domin jerin abjadi da jerin haruffan Girka duk daga haruffan Finikiya suka samo asali, kuma ƙimarsu ɗaya ce har zuwa hamsin: Α ɗaya kamar alif, Β biyu, Γ uku, Δ huɗu, Ι goma, Κ ashirin kamar kaf, Λ talatin kamar lam, Μ arba'in, Ν hamsin. Ρ ɗari ce, Σ ɗari biyu, Τ ɗari uku. Kamar yadda mai warware ramzi ya san da Hijira ake ƙirga, haka mai karanta tsaba yake buƙatar sanin mafarin ƙidayar, sai dai shi ba mafari ɗaya ke gabansa ba. A wannan yanki an fi fara rubuta ƙaramar lamba, don haka ΔΜΡ na nufin 144. Alama mai kama da L da ke zuwa a gaba ba lamba ba ce, daga Masar aka aro ta, ma'anarta shekara.

## Daga ina aka fara ƙirga

A nan gizo ke saƙa. A zamanin Farisa shekarun sarautar sarkin gari ake ƙirgawa. Bisa binciken Josette Elayi da Alain-Gérard Elayi, Sidon ta fara sa shekara a shekara ta 30 ta sarautar Ba'alshillem na Biyu, wato 372 K.M., abin da ya sa biranen Finikiya cikin na farko a duniya da suka yi haka. Bayan Iskandar kuwa sai aka koma ƙidayoyi masu ɗorewa. Ƙidayar Selukas ta fara a 312 K.M. Ta Arwad ta fara a 259, kuma garuruwan da ke ƙarƙashin inuwarta, irin su Amrit da Karne, da ita suka yi aiki. Taya ta buɗe tata a 126/125 K.M., bayan an kashe sarkin Selukas Dimitiriyus na Biyu a bakin garin, ta yadda shekara ta 187 ta Selukas ita ce ta koma shekara ta 1 a gidan buga kuɗi guda. Sidon ta fara a 111/110, Bairut a 81/80. Tarabulus ta taɓa samun tata ƙidayar, amma a zamanin Rumawa ta koma ta Selukas.

A ɗauki lamba 150. A ƙidayar Selukas 163/162 K.M. ce. A ta Arwad 110/109 K.M. ce. A ta Taya 24/25 Miladiyya, a ta Sidon 39/40 Miladiyya. Haruffa biyu ne kacal, ΝΡ, amma tsakanin karatun farko da na ƙarshe akwai kimanin shekara 200.

Ana rubuta shekara biyu da zane a tsakani ne saboda shekararsu da kaka take farawa, don haka kowace ɗaya ta ratsa biyu daga cikin namu. Lissafin ba shi da wuya: don shekarun kafin Miladiyya, a cire lambar daga 313 in ta Selukas ce, daga 260 in ta Arwad, daga 127 in ta Taya, daga 112 in ta Sidon. In lambar ta kai haka ko ta zarce an shiga Miladiyya, sai a cire 312 ko 259 ko 126 ko 111 daga cikinta. Bambancin ɗaya da ke tsakanin jerin biyu ya zo ne daga rashin shekarar sifili, kuma shi ne tushen kurakurai da yawa a takardun 'yan kasuwa.

Ga yadda aikin yake a hannu. A ce ga 'yar tsaba da ba ta fi farcen babban yatsa ba, nauyinta wajen giram biyu, gefenta a gicciye. A gaba kan saurayi ne ba gemu, da ɗaurin sarauta a ka. A baya dabino, da haruffa a hagu da damansa. Dabinon ya nuna Taya, ɗaurin kan ya nuna sarkin Selukas, ke nan ƙidayar Taya ta 126 ta fita daga lissafi, tunda ba ta fara ba sai bayan sarakunan sun tafi. Haruffa biyu na ƙarshe Ν da Ρ ne, 150. Na farkon ya side, saura siffar kusurwa kawai, wadda za ta iya zama Α ko Δ ko Λ, tunda zane ɗaya ne ya raba su. Λ ba za ta yiwu ba, domin talatin da hamsin ba sa haɗuwa a lamba guda. Saura 151 ko 154, wato 162/161 ko 159/158 K.M., kuma duka biyun sun taɓa zamanin Dimitiriyus na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 162 zuwa 150. Daga nan sai a koma kundi a ga wace shekara ce aka tabbatar garin ya buga irin wannan, a kuma karanta abin da ya rage na sunan sarkin a gefe.

Wani lokaci tsabar da kanta take ba da makullin. Akwai tagullar Bairut mai kan sarauniya Kiliyobatra ta Masar da ke ɗauke da lambobi uku: 21 na sarautarta a Masar, 6 na sabuwar ƙidayar da ta fara lokacin da Antoniyo, shugaban yaƙin Rumawa, ya ba ta yankunan wannan gaɓa, da 50 na garin. Duka ukun sun haɗu a 32/31 K.M., kuma da irin wannan haɗuwa ake tabbatar da mafarin ƙidayoyi.

## Inda masana suka saɓa

Saɓani mafi shahara a kan haruffa biyu ne, ain da kaf, da ke jikin wasu kuɗin Iskandar masu shekara. A 1916 Edward Newell na Amurka ya karanta su a matsayin sunan Akka, bisa hujjar cewa haka sunan garin yake farawa, kuma Taya da aka ragargaza a 332 ba ta cikin halin buga kuɗi. A 1976 André Lemaire ya ce harafin farko ne da na ƙarshe na sunan Ozmilk, sarkin Taya, wanda marubutan Girka suka ce Iskandar ya yi masa afuwa. Ya kafa hujja da cewa taƙaita sunan sarki al'ada ce a kuɗin Finikiya, kuma lambobin sun dace da ci gaban shekarun sarautarsa. Martin Price, a babban kundinsa na 1991, ya bar su a Akka. Yawancin masu bincike na baya-bayan nan sun koma ra'ayin Taya, kuma hujjarsu ta fi nauyi, amma har yanzu ana ganin sunan Akka a takardun sayarwa. A da gardamar ta malamai ce kawai. Yanzu da ake tambayar ƙasar asali, karatu ɗaya yana kai tsabar Isra'ila, ɗayan yana kai ta Lebanon.

Sarakunan Sidon ma haka. Fiye da ɗaya sun amsa sunan Abdashtart, dukkansu kuma da haruffa biyu iri ɗaya suke sa hannu, don haka shekara ta 3 tana iya zama ta wannan ko ta wancan. George Hill, a kundin Gidan Tarihin Birtaniya na 1910, ya sa sarautar na farko daga 370 zuwa 358 K.M., su Elayi kuma suka sa ta daga 365 zuwa 352. Tsaba ɗaya takan fito da shekaru biyu gwargwadon littafin da mai bayanin ya buɗe. A Amrit kuma akwai kan wata mace mai lulluɓi da wasu ke cewa sarauniya Barnika ta Biyu ce ta Masar, wasu kuma suna cewa Ashtarte ce. Tunda tsabar tana da shekarar Arwad, wannan saɓani ya shafi fassarar siyasar lokacin ne, bai taɓa kwanan wata ba.

## In babu lamba

Da yawa ba su da shekara, ko kuma ta goge. Laƙabin gari yana taimakawa. Taya ta fara kiran kanta mai tsarki kuma mafaka a tsakiyar ƙarni na 2 K.M., kalmar uwar birane kuma ta bayyana da Girkanci a kuɗinta a zamanin sarkin Rum Domishiyan, ƙarshen ƙarni na 1 Miladiyya. Latinanci alama ce ta cewa gari ya zama mazaunin Rumawa: Bairut tun zamanin Augustus, da tsoffin sojojin runduna ta 5 da ta 8, Taya a zamanin Saftimiyus Seferus, Sidon a zamanin Elagabalus, tsakanin 218 da 222. In akwai kan sarkin Rum, shekarun mulkinsa sun zama iyaka.

Sauran hanyoyin na masu bincike ne. Ana bin sawun hatimi, domin tsaba biyu da hatimi ɗaya ya buga zamaninsu ɗaya, kuma tsagewar da ke ƙaruwa a jikin hatimin tana nuna wadda ta riga wata. Ana duba tarin da aka binne tare, da wadda aka buga a kan tsohuwa, da ƙaramin tambarin da hukuma ke ƙarawa daga baya. Salon zane shi ne mafi rauni a cikin hujjoji, ko da yake shi aka fi saurin kamawa. Gwajin kabon, wanda ake auna tsufan ƙashi ko itace da shi, ba ya aiki a kan ƙarfe, na'urar da ke auna haɗin ƙarfe ba tare da yanka ba kuma fatar waje kawai take karantawa, inda tsatsa ta riga ta sauya komai.

Tsatsar ita kanta ba shaidar tsufa ba ce, tunda ana iya ƙirƙirar ta da sinadari, ana kuma manna jar ƙasa don tsaba ta yi kyan gani ko don a rufe gyara. Jabun da aka zuba a mazubi yakan nuna ɗinki a gefe da ƙananan ramuka da zane mai laushi, sai dai a lura cewa ta gaskiya ma tana iya ɗauke da ɗan tsiro a gefe, ragowar zubin ƙwayar kafin bugu. Abin da ya fi jabu ɓarna ga mai neman shekara shi ne sassaƙa, inda wani ke bin haruffan da suka side da tsinin ƙarfe ya “farfaɗo” da su, ya mayar da Α ta koma Δ ba tare da ya san ya sauya tarihi ba. Garin tsatsa mai launin kore-kore da ke fitowa yana sake dawowa kuwa cuta ce da gishiri da laima ke haddasawa, tana cin ƙarfen har ya rududduge.

## Wurin tsintuwa, da waɗanda abin ya shafa

Gano cewa a Taya aka buga tsaba bai nuna a Lebanon aka tono ta ba. Tagullar Taya ta yi yawo a Galili da sauran yankunan da ke maƙwabtaka da ita, kan iyakokin yau kuma ba su wanzu a lokacin ba. Tone-tonen da aka yi a tsakiyar Bairut a shekarun 1990, bayan yaƙin basasa, sun nuna amfanin tsabar da aka san inda ta fito: daga gare ta ake gane kuɗin da talakawa suka yi cefane da su, da garuruwan da suka yi hulɗa da su, da tsawon lokacin da tsaba ke yi a hannu. Ga mai tono, tsabar da aka samu a ƙarƙashin daɓe tana cewa ba a yi daɓen kafin shekararta ba, amma ba ta faɗin bayan shekara nawa aka yi shi.

Masu binciken kufai suna ganin kasuwar tsaba marar takarda ita ce ke ciyar da haƙar sata, kuma duk wadda aka zaro da na'urar neman ƙarfe ta tafi da bayanin da ba zai dawo ba. 'Yan kasuwa da masu tarawa suna cewa an buga waɗannan kuɗi da ɗimbin yawa, sun shafe ƙarnoni suna sauya hannu a Turai ba tare da rasit ba, kuma neman takarda a kan abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba zai kori mai gaskiya ne ya bar ɗan fasa-ƙwauri. Dokar Turai ta ɗan saurari ɓangare na biyu: in ba a iya tantance ƙasar asali ba, ko kuma kayan ya bar ta kafin 24 ga Afrilun 1972, ranar da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta fara aiki, ya isa a nuna an fitar da shi bisa ƙa'ida daga ƙasar da ya zauna fiye da shekara biyar.

Tsabar Arwad da Amrit tana da ƙarin nauyi, domin ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2199, na Fabrairun 2015, ya haramta cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Siriya ba bisa ƙa'ida ba tun 15 ga Maris 2011. A Lebanon kuma dokar kayan tarihi ta 1933 ta wajabta wa wanda ya tsinci irin wannan abu, manomi ne ko magini, ya sanar da hukuma. Matafiyin da aka tallata wa tsaba a bakin kufai yana tsakanin abu biyu: in jabu ce ya yi asarar kuɗinsa, in ta gaskiya ce yana iya gamuwa da tuhuma a filin jirgi. Wanda ya gaji tarin tsofaffin kuɗi kuma, tsohuwar ambulan da rasit da ɗan katin da aka rubuta da hannu sun zama abin adanawa tare da tsabar, tunda su ne kaɗai za su nuna lokacin da ta bar ƙasarta. Ɗalibi ko mai sha'awa da ke son koyon karatun ba ya buƙatar sayen komai, domin Ƙungiyar Nazarin Tsabar Kuɗi ta Amurka ta sa kundayen kuɗin Iskandar da na Selukas da na Tolemi a intanet kyauta, Jami'ar Oxford kuma ta sa na lardunan Rum, da hotuna da nauyi da shekarun da aka tabbatar ga kowane gari.